Yadda Za Ka Haɗa 'Yar Kwamfuta Ta Rera Maka Waƙar Da Wayarka Ta Riga Ta Iya

Kafin komai ka tabbata kana da rediyo mai aiki, ko 'yar sifikar nan ta Bluetooth da ba ta taɓa ba ka ciwon kai ba. Wannan sharaɗi ne. Wanda ba shi da abin sauraro mabuƙaci ne, ya je kasuwa ya saya ya huta. Aikinmu na yau na mutumin da yake zaune lafiya ne, zaman kuma ya ishe shi.

Abin da za ka nema sunanta Raspberry Pi, kwamfuta ce sukutum a kan falle ɗaya da bai fi katin cirar kuɗi girma ba. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka fito da ita a 2012 a kan dala 35, don yaran makaranta su koyi rubuta manhaja. Yaran sun ɗan samu, sauran kuwa iyayensu maza suka wawashe. Dala 35 ɗin nan ka haddace ta da kyau, don ita kaɗai za ka faɗa wa uwargida, kuma kada ka kuskura ka juya ta zuwa naira a gabanta. Kuɗin caja, da memori, da akwati, da wayoyi, da ladan wanda zai kawo maka, duk wannan tsakaninka ne da aljihunka.

Samfurin Pi 3 na 2016 ya ishe ka har ya yi yawa, yana da WiFi a jikinsa. Amma na san halinka, za ka ce sai sabo. To Pi 5 da ta fito a 2023 ta fi ƙarfi, ta fi tsada, kuma ba ta da ramin saka wayar sauti ko ɗaya. Yawancin mutane suna gano haka ne bayan kaya ya iso, suna jujjuya shi a hannu kamar mai neman bakin buhu.

Ko da ramin ma, kada ka yi murna. Sautin da ke fita ta nan yana zuwa da wani ɗan shuu a ƙarƙashinsa, kamar ana soya wainar fulawa a maƙwabta. Maganinsa wani falle na biyu da ake kira DAC, wanda aikinsa juya lambobi su koma sauti. Ana kifa shi a kan allurai 40 da ke tsaye a gefen kwamfutar, kuma masu abin suna kiran irin wannan falle HAT, wato hula. Nan dai na yarda da hankalin Bature: ko kwamfuta ce, ba ta shiga mutane kai ba hula. Na kamfanin HiFiBerry sun yi suna. A jikin kwalin za ka ga an rubuta yana ɗaukar sauti sau 192,000 a daƙiƙa, alhali faifan CD sau 44,100 yake yi. Ka haddace wannan ma saboda baƙi. Kada ka ambata cewa kunnen ɗan Adam, yana kan ƙuruciyarsa, ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, balle naka da ya shekara ashirin yana kwana kusa da janareta.

Sai manhaja. Akwai Volumio, akwai moOde, akwai piCorePlayer, duka ana sauke su kyauta. Zaɓi ɗaya ka yi shiru. Idan ka tambayi masana wacce ta fi, za ka ga abin da ya fi gardamar 'yan Madrid da 'yan Barcelona a gidan kallon ƙwallo, kuma su waɗancan aƙalla sukan tashi idan an hura usur. Da Raspberry Pi Imager ake rubuta manhajar a kan memori, kuma rubutun yana shafe duk abin da ya tarar. Ni da hannuna na zaro memorin da ke cikin tsohuwar wayar gidanmu, na ce ai ba komai a ciki. Hotunan sunan ɗanmu na fari ne a ciki. Yaron yanzu yana aji uku, maganar kuma ba ta mutu ba.

Ka jona wuta. Ba allo, ba madannai, sai 'yar fitila ja da 'yar koriya suna maka ƙifce. Idan Volumio ka zaɓa, za ka buɗe wayarka ka rubuta volumio.local, ta ce ba ta san wannan bawan Allah ba. Ka jira, ka sake. Idan ta ƙi, duba WiFi ɗinka, domin Pi 3 ta asali ba ta ganin layin 5 GHz, sai na 2.4. Idan shafin ya buɗe kuma ka danna waƙa ka ji tsit, ba lalacewa ba ce, ba ka shiga saiti ka gabatar mata da hularta da suna ba. Idan ka yi hakan har yanzu tsit, to yanzu ne ka san DAC ba ya tuƙa sifika shi kaɗai, sai da amfilifaya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Koma ka duba aljihu.

Batun wuta shi ne inda ya kamata mu zauna sosai. Pi 4, wadda ke tsakanin Pi 3 da Pi 5, tana son bolt 5 da amfiya 3 cif, ba ta karɓar uzuri. Cajar bakin titi da aka rubuta mata ƙarfin da ba ta da shi za ta sa jar fitilar nan ta riƙa ɗaukewa, waƙa tana sarƙewa kamar mai shaƙuwa. Araha ba ta ado. Babbar musibar kuwa ita ce a ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a memori: sai katin ya rikice, aikin kwana uku ya bi ruwa. Mutanen Kambirij ba su zauna da wannan tunanin ba, tunda su ɗaukewar wuta labari ce da ake bugawa a jarida. Kai ka jona ta a inbata ko batirin ajiya, kuma ranar da komai ya daidaita ka kwafi katin gaba ɗaya ka ɓoye kamar takardar fili.

Yanzu sai waƙa. Masana za su ce ka guji MP3, ka nemi FLAC, wanda ba ya zubar da ko ƙwayar sauti. Madalla. Sai dai abin da kake son ji Shata ne da Ɗanƙwairo, kuma wanda mai tura waƙoƙi a kasuwar waya ya zuba maka daga kaset aka kwafo shi, kaset ɗin ma jikan wani kaset ne da aka ɗauka a filin biki. Hularka mai tsada za ta yi aikinta da amana: za ta fito maka da kukan kaset, da tarin wani dattijo a sahun gaba, da ƙarar babur da ya wuce, tas kamar kana wurin.

Ranar da na ƙaddamar da tawa na tara iyali a falo. Uwargida ta saurara minti ɗaya ta ce, "Baban Abba, ba wannan ce muke ji a waya ba?" Na ce ita ce, amma ki ji yadda kalangu ya fita daban. Ta ce to Allah ya sa alheri, ta koma kicin.

Gaskiya abin yana da amfaninsa. Kira ya shigo, waƙa ba ta tsayawa, kuma saƙon masu bin ka bashi ba ya ƙara a sifika gaban baƙi. Sannan duk wanda ke kan WiFi ɗin gida zai iya sarrafa ta daga wayarsa, abin da yara za su gano kafin la'asar, daga nan kuma kai da Narambaɗa sai a mota.

Tsohuwar rediyonka dai kada ka kyautar da ita, kuma ka bar batir a ciki. Tawa ce ke min labarai yanzu haka, memorin kuwa yana can ana sake rubuta shi karo na uku.