Jinjina Ga Manyanmu Na Alkahira

Wanda aka yi wa alheri ya ƙi godiya butulu ne, don haka ya kamata a samu wani ya miƙe ya yi wa shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, jinjinar da suka daɗe da cancanta. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki. Gasar cin kofin nahiyar da aka fara a Khartum a 1957 da Masar da Sudan da Habasha kacal, yau ga ta da ƙasashe 24, duniya na kallo. Magabatanku na wancan zamani ba su san kasuwa ba. Ƙasashe huɗu ne suka kafa hukumar, amma da Afirka ta Kudu ta ƙi haɗa baƙar fata da farar fata a tawaga ɗaya, sai suka ce ta zauna a gida. Suka yarda su yi asarar ɗaya daga cikin huɗu saboda mutuncin ɗan Adam. Ku kam kun waye, kun wuce irin wannan wauta.

Babban abin da za a daɗe ana yaba muku a kai shi ne riƙo da doka, kuma ba inda kuka nuna shi kamar a Cabinda. Ranar 8 ga Janairun 2010, saura kwana biyu a buɗe gasa a Angola, 'yan wasan Togo sun taso a mota daga Kongo inda suka yi atisaye. Shigarsu yankin ke da wuya 'yan awaren FLEC suka buɗe musu wuta. Su Emmanuel Adebayor suka kwanta ƙarƙashin kujeru harsashi na fasa gilashi a kansu. Mataimakin koci Amelete Abalo ya mutu, jami'in yaɗa labaransu Stanislas Ocloo ya mutu, mai tsaron gida Kodjovi Obilale kuwa aka kwashe shi zuwa asibiti a Afirka ta Kudu da harbi a gadon baya. Gwamnatin Togo ta aika jirgi ta ce 'ya'yanta su dawo a yi makoki na kwana uku.

Wani shugaban mai raunin zuciya da sai ya bi gawarwakin har Lome ya yi ta'aziyya, ya nemi gafarar ƙasar da aka kai 'ya'yanta yankin da kowa ya san ana rikici. Alhaji Issa Hayatou, shugaban CAF na lokacin, da majalisarsa ba su faɗa wannan tarko ba. Suka buɗe kundi, suka ga an rubuta cewa gwamnati ba ta da hurumin janye tawaga. Ana jajibirin wasan ƙarshe suka sanar da hukunci: an haramta wa Togo shiga gasa biyu masu zuwa, kuma za ta biya tarar dala 50,000. Madalla. Ai kundin bai ware wanda aka harba da wanda ba a harba ba, kuma idan aka kyale Togo, gobe kowace ƙasa aka kashe mata mutum biyu sai ta ce za ta tafi jana'iza. Sai da Sepp Blatter na FIFA ya shiga tsakani aka ɗage dakatarwar bayan 'yan watanni, amma wannan ba laifinku ba ne, ku kun yi iyakar ƙoƙarinku. Obilale bai sake tsayawa a raga ba. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka yanke masa sana'ar da yake ci da ita, ya shiga jerin tiyata bayan tiyata, a daidai lokacin da hukumar da ta gayyace shi take lissafin abin da ƙasarsa za ta biya ta.

Ma'auninku kuma bai taɓa karkata ba. A Oktoban 2024 aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin Al Abraq na Libiya, aka bar su suka kwana a kan kujeru ba abinci ba masauki. Kuka ci tarar Libiya dala 50,000. Kuɗin wanda ya wulaƙanta baƙonsa da kuɗin wanda aka kashe wa 'yan'uwa sun zo daidai, ko sisi babu bambanci.

Ga kuma yafiya. Da Maroko ta ce tana tsoron Ebola ta nemi a ɗage gasar 2015, kuka ƙwace, kuka kore ta, kuka miƙa wa Equatorial Guinea, ƙasar da ku da kanku kuka cire daga wasannin share fage 'yan watanni kafin nan saboda ta saka ɗan wasan da bai cancanta ba. Wanda aka kora daga layi ya dawo shi ne mai gida, don Shugaba Obiang, da yake kan mulki tun 1979, yana da filaye da kuɗin mai a hannu. Baƙi sun ga karamci. Tunisiya ta sha bugun fenariti a mintin ƙarshe wanda har ku sai da kuka dakatar da alƙalin wasan wata shida. A wasan kusa da na ƙarshe a Malabo, magoya bayan Ghana suka tsere daga kujerunsu suka taru a bayan raga ana jifansu da kwalabe da duwatsu, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a kan 'yan kallo. Bayan fiye da rabin awa aka dawo aka ƙarasa 'yan mintunan da suka rage, domin wasa ba ya tsayawa.

Wannan aƙida ta wasa ba ya tsayawa ta kai ƙololuwa a Yaounde ranar 24 ga Janairun 2022. Tsibirin Komoros, zuwansu na farko ke nan, sun doke Ghana sun fito zagaye na biyu, sai korona da rauni suka kwashe masu tsaron gidansu uku. Ɗaya ya warke a ranar wasa, gwaji ya nuna ba ya ɗauke da cutar, kuka ce doka ta ce sai ya cika kwanakin killacewa. Ɗan baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu, aka manna masa lamba da salatif a bayan riga, ya tsaya gaban Kamaru mai masaukin baƙi. A waje kuwa, a ƙofar filin Olembe, dubban mutane sun matsu a bakin ƙofar da aka rufe. Mutum takwas suka mutu a turmutsutsun, har da ƙananan yara, mutanen da suka fito daga gidajensu da tuta da murna. Aka busa usur, aka buga minti casa'in cif. Kuka rufe filin don girmama mamata, kwana goma bayan nan kuka buɗe shi, saboda wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe ba sa kyau a ƙaramin fili.

Kada wani ya ɗauka ku masu taurin kai ne. Kun san inda ake sunkuyawa. Kulob-kulob na Turai suka yi ta ƙorafin ana ɗauke musu ma'aikata a watan Janairu, a 2017 kuka mayar da gasar Yuni da Yuli. Sau ɗaya aka buga a haka, a Masar a 2019, bayan an ƙwace daga Kamaru. Daga nan bincikenku mai zurfi ya gano cewa ana ruwan sama a Kamaru da Kwaddibuwa a watan Yuni, abin da kowace mai tallan gyaɗa a Abidjan za ta faɗa muku kyauta. Aka buga gasar 2021 a 2022, ta 2023 a 2024. Ta 2025 kuwa kuka matsar da ita zuwa ƙarshen Disamba don FIFA ta samu sararin sabuwar gasarta ta kulob-kulob a Amurka. Jadawalin da bai motsa wa gawa biyu a Cabinda ko takwas a Olembe ba, ga shi ya yi tafiyar wata shida ba gardama.

Yanzu kuma kun sauƙaƙa wa kowa: daga 2028 sai bayan shekara huɗu za a riƙa yin gasar. Ƙananan ƙasashe sun huta. Mena ta Nijar da ta fara zuwa a 2012, ta bar Masar da Afirka ta Kudu a gida, ta koma a 2013, da Gambiya, da Cape Verde, da Komoros, waɗanda sau da yawa wannan gasa ce kaɗai tagar da duniya take ganin 'yan wasansu, an rage musu wahalar mafarki da rabi. Ɗan wasan da ya ji rauni a shekarar gasa zai jira shekara takwas tsakanin zuwa da zuwa, in ƙafa ta kai shi. Gianni Infantino na FIFA ne ya kawo shawarar a Rabat a 2020, shugaban CAF Patrice Motsepe ya sanar da ita a Rabat ɗin a Disambar 2025. Kun daure shekara biyar cur kafin ku ce to, don kada maƙiya su ce umarni aka ba ku.