Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dajin Sunut

Ranka ya daɗe, Baba Sunut,

Gaisuwa da ban girma daga wani mai ɗaukar hoto, jikan Takari, wanda ya sha yi maka sammako da kyamara a ɓoye cikin riga. Mutanen Khartum suna kiran itacenka sunut, 'ya'yanka kuma garad, suna turara su ga mai tari. Shi kuwa tun ganin farko ya shaida ka: bagaruwa ce zalla, irin wadda majeman Kano da Sakkwato ke jiƙa fata da ita. Albarkacin wannan zumunci zai faɗi abin da ke ransa.

An ba shi labarin wata dabba a Kanada, wai ita biba, mai faffaɗar wutsiya, da ke sare itace da haƙori ta datse rafi ya zama tafki, masu kyamara su yi ta zaman jiran ta leƙo. Dariya ya yi. Kai yaushe ka nemi taimakon ɓeran ruwa? Daga Agusta zuwa Satumba, Shuɗin Nilu kan gangaro daga tsaunukan Habasha da laka da fushi, ya tare wa Farin Nilu hanya a mahaɗarsu ta Mugran. Ruwa ya rasa mafita, ya ja da baya, ya malale ƙarƙashinka, ka yi makonni tsaye a ciki ko a jikinka. A 2020, da kogi ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988, gidaje suka yi ta rushewa, kai dai wanka ka sha.

To ga ƙorafi. 'Yan hayarka ba su da tarbiyya. Zalɓe zai yi rabin awa a tsaye kamar an kafa shi, sai yatsa ya kai kan maɓalli ya tuna yana da unguwa. Jinjimi ba ya nuna komai sai ƙeya. Baƙin da ke tsere wa sanyin Turai su biyo Nilu, su kam gajiyar hanya ta sa ba sa ko amsa sallama. Shirwa kaɗai ke son hoto, ita ma don ta hango naman da masu yawon Juma'a ke gasawa ne. Sauro kuma, a bar kaza cikin gashinta.

Sannan duk faɗin Sudan ka rasa wurin zama sai gindin gadojin da ke hayewa Umdurman, alhali doka ta hana ɗaukar gada a hoto, ko da mutum na riƙe da takardar izini. Kwasakwasa kamar ta sani. In ta tashi, can take nufa, mai kyamara ya sauke hannu yana ƙwafa, mai shayi tana yi masa dariya.

Wannan takarda ta daɗe a aljihu, Baba, har 15 ga Afrilun 2023 ta riske ta. Yaƙi ya ɓarke, wuta ta ɗauke, gas ɗin girki ya ɓace, gatari ya shigo maka. Mai yunwa ya sara, mai buhun gawayi ya sara. Lokacin da sojoji suka karɓe birnin Khartum a Maris na 2025, kututture ya riga ya yi yawa a inda inuwa take.

Saboda haka ya janye ƙarar zalɓe, ya yafe wa jinjimi, sauro ma an yi masa rangwame. Tambaya ɗaya ta rage. Ƙwayar bagaruwa tauri gare ta, tana iya kwanciya cikin ƙasa ta jira ruwa ya jiƙa ta. Nawa ka ɓoye a laka? Zai zo dubawa bayan ruwan Satumba ya janye, ya durƙusa ya ɗauki hoton tsiro, bayansa na kallon gada.

Naka,
Mai kyamara na bakin Mugran