Kada Ki Kalli Biri

Da zarar zangon karatu na biyu ya kusa ƙarewa, daidai lokacin da zafin Kano ke shirin haura digiri 40, sai makarantun kuɗi su tuna cewa ilimi ba a cikin aji kaɗai yake ba. Takarda za ta iso gida a jakar yaro, gefenta ya sha maiƙon taliya: za a kai ɗalibai yawon buɗe ido. Kowane yaro ya zo da kuɗin mota, kuɗin shiga, kuɗin riga mai tambarin makaranta, da wani kuɗin na huɗu wanda ba a faɗi aikinsa ba. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa ana roƙon iyaye su sa kai su raka malamai.

Layin nan na ƙarshe yana da wuyar gani. Uban da zai iya gano rarar naira hamsin a lissafin kuɗin makaranta, idonsa ba ya kaiwa wurin. A taron iyaye da malamai, da shugaba ya ce wa zai taimaka, sai ka ga alhazai sun duƙufa kan waya kamar an aiko musu da saƙon gaggawa a lokaci guda. Wannan yana da mitin. Wancan zai je Abuja. Na kusa da taga kayansa sun maƙale a Legas. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa ba ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu, amma har yau ba a samu hukumar da za ta ba uba rabin yini ya riƙe hannun yara a gidan zu ba. Ɓangaren mata ma ba a bar su a baya ba: akwai mai biki, akwai mai baƙi daga Katsina, akwai mai ciwon gwiwar da ba ya tashi sai ranar taron makaranta.

Ana cikin wannan shiru sai hannu ɗaya ya ɗago daga kujerar baya. Kowa ya waiga. Mai hannun tana da cikin wata bakwai.

Na taɓa zama 'yar rakiya ta biyu a irin wannan tafiya, saboda haka a kan abin da zan faɗa ni ganau ce, ba jiyau ba. Da farko ɗakin ya ruɗe da tausayi. "Haba Hajiya, a wannan halin?" "Ke da ya kamata a ce kina kwance?" Shugaba kuwa, da yake namiji ne mai kunya, silin yake kallo yana cewa lallai al'amarin yana buƙatar nazari. Yana nazarin, sakatare yana rubuta sunanta da biro, ba da fensir ba, kada ta canza shawara. Daga baya na tambaye ta abin da ya kai ta. Ta ce 'yarta ce ta kwana tana roƙo, don ko da yaushe uwayen wasu ake gani. Ta ɗan rage murya ta ƙara da cewa, kuma ranar ce kaɗai za ta huta da wanki.

Ranar tafiya, tun kafin ƙarfe takwas bakin get ya cika da likitoci. Duk wadda ta kawo ɗanta sai ta tsaya ta duba marar lafiya kyauta. Ta farko ta kawo allura ta soka mata a gefen zani, saboda iskokin hanya. Ta biyu ta ce kada ta kuskura ta tsallake igiya ko waya, mabiyiya za ta naɗe wuyan yaro. Ta uku ta karɓe gorar ruwan sanyin da ke hannunta, wai yaro zai yi ƙato ya ƙi fitowa. Ta huɗu ta hango lemon kwalba a jakarta ta dafe ƙirji: zaƙi! Zaƙin da zai toshe hanya ranar naƙuda! Aka shiga musu kan jiƙon da ya fi wanke zaƙi, har wata ta yi alkawarin aiko da na kakarta. Wata dattijuwa ta ja da baya, ta ƙare wa cikin kallo, ta yanke hukunci cewa namiji ne, tunda ya yi tsini. Ta kusa da ita ta rantse mace ce, don ga fuska ta yi fes. Babu wadda ta nemi izini kafin ta shafa.

Bayan magani sai labarai. Kowace tana da wata a unguwarsu wadda haka ta fita da tsohon ciki, ana hana ta tana ƙi. Labarin ba ya taɓa ƙarewa da suna da rago. Ko dai ya ƙare da "da ƙyar aka sha", ko kuma mai ba da shi ta girgiza kai ta ce Allah dai ya kyauta. Ban san wace makarantar ce ta koya mana cewa hanyar kwantar wa mai ciki hankali ita ce a lissafa mata duk waɗanda abin ya zo wa da gardama ba. Sai kuma babbar doka, wadda duk likitocin suka haɗu a kanta ba tare da saɓani ba: in kin shiga gidan zu, kada ki kalli biri.

Daga nan kowace ta ce Allah ya raba lafiya, ta shige motarta mai sanyi, ta ja gilashi. Kular shinkafa tana nan a ƙasa inda aka ajiye ta. Ni da mai cikin muka kama hannu ɗaya-ɗaya.

Bas ɗin an ƙera ta ne don mutum 18, amma yara ba sa cikin lissafin mutane idan ana lodi. Kujerar gaba hedimasta ya zauna, domin shi ke riƙe da takardar sunaye, kuma kowa ya san takarda ba ta son jijjiga. Mutuniyar tawa ta samu kujerar kan taya, kula a ƙarƙashin ƙafarta, yaro ɗaya a abin da ya rage na cinyarta. Ma'aikatan lafiya suna cewa mai ciki ta ɗaura bel a mota, ta zagayo da shi ta ƙasan ciki, ba ta kansa ba. Shawara ce mai kyau. Bel ɗin wannan motar dai da shi aka ɗaure ƙofar baya. Baba direba shi ma ya ba da tasa gudummawar: duk ramin da ya faɗa sai ya leƙo ta madubi ya ce, "Sannu Hajiya," sannan ya ƙara wuta.

Gidan namun dajin Kano an buɗe shi ne a 1972, zamanin Audu Baƙo, gwamnan farko na jihar, kuma sunansa yake ɗauke da shi. Fili ne mai faɗi, ga bishiyoyi, ga tafiyar ƙafa mai tsawo tsakanin keji da keji. A nan aka raba yara rukuni-rukuni, aka ba mai cikin 'yan aji ɗaya, wai su ne ƙanana, ba za su ba ta wahala ba. Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa riƙe ɗan shekara shida a gaban jimina ba. Su kuwa 'yan aji ɗaya ba su zo ganin komai ba sai biri. Haka ta tsaya ta juya wa keji baya, tana ƙirga kawuna, tana tambayar yara me birin yake yi. Ta rantse min ba ta yarda da maganar ba, amma ta ce in aka haifi yaro da ɗan faɗin kunne, ba ta da bakin da za ta kare kanta a gaban dangin miji. Ni dai abin da na kasa ganewa shi ne, in har kallo ne ke zana fuskar jariri, me ya hana rabin jariran Kano fitowa da kamannin Ali Nuhu ko Shah Rukh Khan, waɗanda uwayensu suka yi wata tara suna kallo safe da yamma?

Wani ɗan aji biyar mai dogon tunani ya tambayi malami ina goggon birin da ya haɗiye kuɗi. Yaron bai yi ƙarya ba. A watan Yuni na 2019 labari ya karaɗe duniya cewa an ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shigar da aka tara da sallah, har gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu goggon biri a gidan kwata-kwata. A Oktoban shekarar kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka kwana ana fama kafin a mayar da shi. Cikin likitocin bakin get babu wadda ta ambaci zaki. Haka kuma ban taɓa jin an hana mai ciki kallon labaran ƙarfe tara ba, inda masu haɗiyar kuɗi na gaske suke fitowa kullum da manyan riguna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, akwai abubuwan da suka cancanci a ja mata kunne a kansu, kuma ba a rasa su ba. Zafin rana da ƙishirwa na nan, ga shi an ƙwace mata ruwan. Mai tsohon ciki tana yawan buƙatar kewayawa, amma wanda ya tsara tafiyar bai yi tunanin banɗaki ba sai da yara suka fara rawa a tsaye. Likitocin gaske suna gargaɗin mai ciki ta nisanci tumaki da awakin da suka haihu kwanan nan, ta kuma wanke hannu da sabulu in ta taɓa dabba ko shingenta, saboda cututtukan da kan iya taɓa abin da ke cikin. Uwa uba, a cikin bas ɗin akwai yaron da ƙuraje suka feso wa a wuya, jikinsa da ɗumi, uwarsa ta shafa masa hoda ta turo shi domin an riga an biya kuɗi. Ƙarambau da ƙyanda sun fi biri haɗari ga mai ciki nesa ba kusa ba, amma uwar yaron tana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya kan maganar zaƙi.

Ita mutuniyar tawa ba da ka ta fito ba. Tana zuwa awo, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi aƙalla sau 8 maimakon 4. Hukumar ce kuma ta ce mai cikin da ba ta da wata matsala ta samu motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako. Ta tambayi nas kafin ta ɗaga hannu, nas ta ce ta je, ta sha ruwa da yawa, ta zauna a inuwa in ta gaji, kada ta ɗauki kaya mai nauyi. Wannan ta ƙarshen ce kaɗai shawarar da ke buƙatar wani ya sa hannu, shi ya sa ba ta samu magoya baya ba.

Daga gidan zu aka wuce Gidan Makama, gidan da aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Mai bayani yana ta zuba tarihi, yara suna tambayar yaushe za a buɗe kula. Sai wani malami mai ƙwazo ya ce tunda an fito, a ƙarasa Dutsen Dala. Nan take aka yi ittifaƙi cewa mai ciki ba za ta hau ba. Na ɗauka matattakalar ake ji mata, ashe Tsumburbura ce, iskar dutsen: rana ta take, wurin kuma tsohon mazaunin iskoki. Aka ce ta zauna a ƙasa ta huta. Aka bar mata jakunkuna talatin da wani abu ta yi gadi, da yara biyu masu amai, da ɗaya mai kukan takalminsa ya tsinke, da wani da aka hukunta saboda ya jefi kada da dutse. Mu da muka hau dutsen mun fi ta hutawa.

Duk wannan lokacin wayarta ba ta daina ƙara ba. Iyayen da mitin ya hana zuwa sun samu sarari a WhatsApp. "Maman yara, ban ga nawa a hoton ba." "Don Allah ki tabbatar ya cinye abincinsa, ba ya son albasa, a tsince masa." "Ki duba min hularsa, sabuwa ce." Wani alhaji ya turo addu'a mai tsawon shafi guda, ya rufe da tambayar ƙarfe nawa za a dawo, don direbansa yana da wani aiken. Da aka zo ɗaukar hoton da za a sa a shafin makaranta na Facebook, sai ga hedimasta ya karɓi hannun kula ɗaya, ya riƙe har aka ɗauka.

Ta isa gida bayan la'asar, ƙafafu sun kumbura. Maigida ya dube ta da fara'a ya ce, "Ai yau kin sha yawo. Me za a ci?" A nan ne lissafin namu yake ban mamaki. Matar da aka ce zaman mota na awa ɗaya zai illata ta, ita ce ke jan ruwa a rijiya, ta yi wanki a duƙe, ta hura gawayi, ta goya na baya idan ya yi rigima. A cikin gida ba a kiran wannan haɗari. Surukarta ma cewa take aiki yana sa haihuwa ta zo da sauƙi, su a zamaninsu suna daka naƙuda take kama su. Wato ɗaga taɓarya motsa jiki ne, tafiya a inuwar bishiya da jaka a kafaɗa kuwa ganganci. Bambancin kawai shi ne ɗayan a tsakar gida ake yi, inda babu mai gani balle a ce ya taya.

Ba ina cewa kowace mai ciki ta ɗaura ɗamara ta bi motar makaranta ba. Wadda nas ta ce ta zauna, ta zauna, kuma kada kunyar taro ta sa ta ɗaga hannu. Amma ina da shawara ga masu makarantu, kuma ba ta buƙatar ƙarin kuɗi a takarda. A ajiye sakatare a bakin get ranar tafiya, da biro. Duk wanda ya ba mai ciki shawara, a rubuta sunansa cikin 'yan rakiya, a buɗe masa ƙofar bas. Mai allura ta riƙe kula. Mai labarin 'yar unguwarsu ta zauna da masu amai. Wadda ta hana kallon biri ta kai 'yan aji ɗaya wurin birin da kanta, ta tsaya har su gaji. Ku gwada wannan a zango mai zuwa.