Allon da Bai Taɓa Jiƙa Ba

Makon nan ma sun sake cika mana salula. Duk wanda ya buɗe WhatsApp a Tanut ko Belbeji sai ya yi karo da su a jere: ɗan Damargu tsaye a bakin teku, shadda ta sha bugu, an karya hula, baƙin tabarau a fuska, takalmi a hannun hagu, teku kuma a bayansa. Kullum a bayansa. Wannan mun saba, mun haƙura. Abin da ya tsone mini ido bana shi ne ƙarin da aka samu a kafaɗar dama: allon hawan igiyar ruwa, dogo, ya fi mai riƙe da shi tsawo, busasshe ƙayau. Magana ɗaya gare ni, kuma a kanta zan tsaya. Mutanenmu ba ganin teku ke kai su bakin teku ba. Shaida suke nema, teku kuwa an gayyato shi ne kawai ya tsaya a baya ya tabbatar wa mutanen gida cewa wane ya isa kurmi.

A fara da lissafin hanya. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne. Daga nan a miƙe yamma, Maradi, Konni, Doso, a gangara Gaya. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, jama'a suka koma ƙetare kogin Isa cikin kwale-kwale, inda gwarzon namu ke runtse ido yana salati har a kai gaɓa. Daga Malanbil zuwa Kwatano kuma an haura kilomita 700. A haɗa duka, an wuce kilomita 1,500, ga shinge bayan shinge, ga ƙafa ta kumbura. Mutum ya sha wannan wahala, ya isa bakin tekun Fijirose na Kwatano, abin da zai fara yi shi ne ya juya wa ruwan baya ya kafa ƙafa cikin rairayi. Rairayi fa! Ɗan Damargu, wanda rairayi ke cinye masa gona, yana binne masa shuka a farkon damina, yana shiga masa tuwo da kunne da kofin shayi, shi ne ya biya kuɗin mota na kwana da kwanaki don ya rubuta ƙarƙashin hoto cewa yana shaƙatawa a kan yashi. In yashi ne abin ɗaukar hoto, ai mu ya kamata ƴan Kwatano su riƙa yi wa layi.

Sai allon. Wasan nan na gaskiya ne, kuma gaɓar Afirka ta Yamma ta san shi tun ba yau ba. Fim ɗin The Endless Summer na 1966 ya nuna Amurkawa suna hawan igiya a Ngor ta Dakar da kuma gaɓar Gana. Yau akwai masu yi a Busuwa ta Gana, da Tarkwa Bay ta Legas, da Robertsport ta Laberiya, da yawansu ƴaƴan masunta ne da suka tashi cikin ruwa. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, a ta 2024 kuma har Tahiti aka je aka yi shi. A can ana shafa wa allo kaki don kada ƙafa ta zame, ana ɗaura igiyarsa a idon sawu, ana faɗuwa a sha ruwan gishiri a sake tashi. Namu kuwa ya rungume shi kamar almajirin da ya yi sauka yana zagaye dangi da allon zayyana, igiya tana reto, wani lokaci ma wutsiya a sama kai a ƙasa.

Ku dubi hotunan da kyau, za ku lura da abin da na lura: allo ɗaya ne. Shuɗin nan mai ɓantaren baki. Shi ne a kafaɗar ɗan Gangara, shi ne a ta ɗan Olelewa, shi ne dai a ta mutumin Tarka da ke rantsuwa cewa nasa ne ya saya. Babu wani ɗan majalisa da ya yi musabaha da ƴan Damargu kamar yadda wannan allo ya yi. Da za a ba shi katin zaɓe ya tsaya takara, ba ya buƙatar kamfe, don fuskarsa tana cikin kowace salula daga Bakin Birji har iyakar Agadas. Mai shi ya daɗe da gane cewa busasshen allo ya fi jiƙaƙƙe riba: ba ya karyewa, ruwa ba ya tafiya da shi, minti biyu ya dawo hannu, ga na gaba yana gyara hula. Allon ya yi ritaya yana da ƙuruciyarsa. Ya san ƙamshin turaren kowane kanti na unguwar Zango ta Kwatano, ya manta ɗanɗanon gishiri, kuma ina tsammanin ranar da wani ya yi kuskuren jefa shi cikin teku shi ma neman ceto zai yi.

Wani zai ce ai hankali ne mutum ya ƙi shiga. Na yarda, har ma na ƙara masa. Tekun Benin da Togo yana da ja, igiyarsa tana fizgar mutum ta ƙasa, kuma ƴan garin kansu ba kowa ke wanka a ciki ba. Wanda ya girma inda ake ɗaura wa raƙumi ko sa igiyar guga ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya fito bakin rijiya, wanda ruwan da ya fi sani shi ne tafkin damina mai kai wa gwiwa, in ya tsaya nesa da teku ya kyauta wa iyayensa. To amma sai ya ajiye allon. Muna da misalin yadda ɗan ƙasar da ba ta da teku ke fuskantar ruwa da mutunci. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka ya wakilci Nijar a tseren kwale-kwale bayan horon da bai fi ƴan watanni ba. Shi ya zo na ƙarshe, da tazara, ƴan kallo kuma suka yi ta yi masa tafi har ya kai. Ya shiga, ya yi gumi, duniya ta ga iyakar ƙarfinsa, babu wanda ya yaudara.

Wani kuma zai ce, haba malam, talaka ba zai huta ba? Mutum ya yi mako yana fama, ranar Lahadi ya sha iska, sai a sa shi a jarida? Wallahi ban yi masa hassadar Lahadinsa ba. Damuwata ita ce hoton shi kaɗai yake komawa gida, sauran ranakun ba sa biyo shi. Ba ma ganin hoton gadi a filin motocin da ake saukewa daga jirgi, ko na tallar shayi, ko na yankan farce da gyaran takalmi, ko na ɗakin Zango inda ake kwana kai da ƙafa, ko na shaddar da za a mayar wa mai ita kafin magariba. Hoton yana sauka a fada a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi fayau, tiyar gero ta yi tsada, a yankin da aka san shi da ciyar da wasu. Ƙane ya gani, ya ƙara girman hoton da yatsu biyu, ya duba gonar da yake nomewa, kafin kaka akuyar inna ta tafi kasuwa ta zama kuɗin mota. Uwargida ta aika murya: "Maigida, mun ga hoto, Allah ya ƙara buɗi, sai dai hatsi ya ƙare." Amsa ta zo bayan kwana biyu cewa rezo ba kyau. Rezon da ya ɗauko teku da allo da tabarau har Belbeji, shi ne ya kasa ɗauko jaka biyar.

Abin haushin ma, teku ba baƙo ba ne a wurinmu. Masana duwatsu sun tabbatar cewa fiye da shekara miliyan 90 da suka wuce ruwan teku ya ratsa Sahara ya rufe wannan yanki, kuma a tuddan da ke kewaye da Tanut an tono burbushin halittun teku masu bawo irin na dodon koɗi da suka zama dutse. Ya zo, ya zauna, ya gaji da mu ya kwashe kayansa, mu kuma muna binsa da takalmi a hannu. Ko ɗanyen manmu na Agadem ya fi mu cika alkawari: ya bi bututu kusan kilomita 2,000 har Seme a gaɓar tekun Benin, kuma a 2024 ya shiga jirgi da gaske.

Ban ma taɓo maganar gora ba. Duk mai zuwa kurmi sai an ba shi saƙon ruwan teku, wai na sammu, wai na ƙaiƙayi, wai na kasuwa. Gwaggo ta ba da saƙo, suruka ta ba da, maƙwabci ya ce ko murfi ɗaya. To mutumin da bai yarda ruwa ya taɓa masa ɗan yatsa ba, wa ya ɗebo masa? In ka tambaya sai a ce wani yaro aka aika. Ni dai ina da zato mai ƙarfi a kan famfon tashar Damagaram da gishirin Bilma da ake sayarwa a kusa, domin wasu gorunan suna isowa da sanyinsu. Gwaggo kuwa ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce lalle wannan na asali ne, ta kulle shi cikin akwati tare da dabinon Makka, ta hana kowa taɓawa sai jikan da ƙyanda ta kama.