Alhaji Mai Gida

Tun ranar da kuɗin sallamata suka shigo na fara jin kaina a sahun masu kadarori, har tafiyata ta canza. Dillali ya kai ni wani gidan abinci a wajen Zoo Road a Kano da azahar. Na ga layi har bakin kwalta, 'yan adaidaita sahu da leburori kowa riƙe da kwanonsa. Na raɗa masa, "Malam, wurin nan akwai jama'a." Ya ce, "Alhaji, ai kai ka san harka." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya ratsa ni har ɓargo. Na biya kuɗin ginin, na ba shi la'ada har da ihsani. Kicin kuwa ko leƙawa ban yi ba, kada babbar rigata ta kwashi hayaƙi.

Hikimata ta farko, na ninka wa Hajiyar da ke ciki kuɗin haya. Ba ta ce uffan ba, ta kwashe tukwanenta.

Sai na shiga ganin dukiyata. Silin baƙi ƙirin, bango kana dafawa hannu ya manne. Mai gyaran famfo ya buɗe kwata ya tarar maiƙon shekaru ya daskare a bututu, ya ɗago ya tambaye ni ko ina da hawan jini kafin ya yanka kuɗi. Ga tsohon bashin wuta, wanda ya zauna a kaina, bai bi wanda ya tashi ba. Duk wannan a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu 10. Na yi fenti, maiƙo ya ɓullo, na sake, ya sake. Da ƙyar wani tela ya kama haya, bai daɗe ba ya dawo mini da makulli, wai amare suna ƙorafin leshinsu yana warin daddawa. Ɓeraye ne kaɗai ba su fasa zuwa aiki ba.

Jama'ar da na saya kuwa sun tsallaka titi, sun bi Hajiya ƙarƙashin wata rumfar kwano. Rannan yunwa ta ci ƙarfin girman kai, na karkata hula na shiga layi.

"A'a, Alhaji mai gida! Ke, ƙara masa nama."

Ina tsakiyar loma ta ce tana neman inda za ta riƙa ajiye gawayi, in ba zan tsawwala ba. Na gyara zama na ce sai na tuntuɓi lauyana. Ba ni da lauya. Da la'asar na aika yaro da makulli.