Nazari Kan Yadda Magidanci Ke Zaɓen Injin Huda Mai Batir

Kayan aiki marasa waya, wato injinan hannu da ke aiki da batir ba tare da an jona su da soket ba, sun fara shiga kasuwa ne a 1961, lokacin da kamfanin Black & Decker na Amurka ya fitar da injin huda na farko mai batir, kuma tun daga wancan zamani suke jan hankalin wani rukuni na magidanta da suka yi imanin cewa babu abin da ya raba su da kafinta sai rashin kayan aiki. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, hujjar sayen irin wannan inji tana da ƙarfi, sai dai masu kafa hujjar sukan manta cewa shi ma batirin da wutar ake cika shi.

Abin da ya fi ruɗa mai saye shi ne lambar da ke jikin batir. Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, ma'auni ne na ƙarfin da lantarki ke turawa da shi. Batirin lithiyam na yawancin waɗannan injina yana ɗauke da ƙwayoyi 5 a jere, kowacce tana ba da bolt 3.6 a lokacin aiki, jimla 18, amma idan an cika ta fal takan kai bolt 4, jimla 20, saboda haka inji mai 18V da mai 20V Max abu ɗaya ne da suna biyu. Lambar da ke nuna daɗewar caji ita ce mai alamar Ah, domin batir mai 4Ah yana riƙe da ninkin abin da mai 2Ah ke riƙewa, amma da yake lambar ƙarama ce, ba a cika kula ta ba.

Misalin da zai fayyace wannan shi ne na wani ma'aikacin ofis a Kano, wanda sandar labulen falonsa ta faɗo, kafinta kuma ya yi ta ce masa gobe har goben ta gaji. Magidancin ya nufi kasuwa, inda ya tsallake duk injinan da aka san sunansu, ya tsaya kan wani mara suna da aka rubuta wa 128V da jan fenti. Ya tambayi mai shago ko zai huda bango, shi kuwa ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ai ko dutsen Dala ne." Da a ce lambar gaskiya ce, da batirin ya ƙunshi ƙwayoyi sama da 30, da kuma sai an kama masa kafin ya ɗaga shi.

A nan ne ya kamata a bambanta nau'o'i biyu. Akwai injin da juyawa kawai yake yi, wanda ya dace da katako da ɗaure sukuru, akwai kuma wanda ke haɗa juyawa da duka, mai hoton guduma a wuyansa, wanda shi ne ke iya shiga bulo, kuma shi ma sai an sa masa bakin da aka yi domin siminti. Na magidancin juyawa kawai ya iya, bakin da ya ɗaura masa na katako ne, wurin da ya zaɓa kuwa saman taga ne, inda magina ke zuba kankare da rodi. Injin ya yi kuka, bakin ya yi baƙi, batirin ya mutu, abin da aka samu a bango kuma bai wuce ɗan tabon da yatsa zai rufe ba.

Maimakon ya koma wa kafinta, sai ya sayi na hannu, ɗan gaske, wanda aka kawo daga Amurka da cajarsa. Cajar Amurka ana yin ta ne domin wuta mai bolt 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce, kuma mahawarar da aka yi tsakanin lambobin biyu ta ƙare cikin ƙiftawar ido da ƙara da hayaƙi. Ya gwada cajar injin farko, ta ƙi shiga, domin Makita da DeWalt da Bosch da sauransu kowanne yana da siffar bakin batirinsa, ta yadda sayen inji ɗaya tamkar ƙulla surukuta ne da dangi guda, wanda duk zarto ko injin goge katako da za a ƙara nan gaba sai dai a nemo shi a gidansu.

Bayan ya samo caja mai dacewa da kuma bakin siminti, aiki ya kama, kuma daɗin nasara ya sa ya zarce banɗaki domin ya kafa madubi. Masana gini suna gargaɗin kada a huda bango daidai saman famfo ko soket, saboda a nan bututu da waya suke bi. Madubi kuwa daidai saman famfo ake kafa shi. Uwargida, da ta ga ruwa ya biyo ƙarƙashin ƙofa ya doshi kafet, ta tsaya daga nesa ta ce, "Baban Ummi, ashe injin har rijiyar burtsatse yake haƙawa?"

An biya mai gyaran famfo, an biya birkila da ya maye ramin da mai gyaran famfo ya faɗaɗa, an biya mai fenti, sannan kafintan nan ya zo ya kafa sandar labule da injin maigidan, yana ta yaba ingancinsa, ya kuma karɓi kuɗinsa cif. A halin yanzu magidancin yana binciken farashin zarto mai batir, bisa hujjar cewa tun da yana da batir da caja, asara ce a bar su ba aiki. Cajar dai tana hannun uwargida, kuma ta ce ba ta tuna inda ta ajiye ta ba.