Gadarmu Ta Fi Taku

A tashar Mando ta Kaduna babu fasinjan da bai ga duniya ba. Kafin mota ta cika, kowa ya zaro waya. Wannan ya nuna kansa a gindin Burj Khalifa ta Dubai, yana nanata "mita 828!" sai ka ce shi ya riƙe wa magina igiyar awo. Alhaji kuwa, da ya tashi daga sansanin alhazai na nan Mando, ya dawo da hotuna jingim, amma duk na agogon Makka ne. Shi kansa tsinin hularsa kaɗai ya shiga, can ƙasa ta kusurwa.

Wanda ba shi da fasfo ma ba a bar shi a baya ba, domin yana da Gadar Kawo. Tun da Shugaba Buhari ya buɗe ta a Janairun 2022, ɗan Kaduna ya samu bakin magana. Allah ya haɗa shi kujera ɗaya da Bakano, ka sha kallo.

"Malam, ka taɓa hawa Kawo da dare kuwa? Wallahi sai ka rantse Turai ce."

"Haba Yallaɓai, gada nawa gare ku? Mu a Kano in kuna so sai mu ba ku aro."

Haka za a yi ta ja-in-ja har a manta ba a kammala cinikin kuɗin kaya da kwandasta ba. Dukansu biyu babu wanda ya taɓa zuwa Turai, babu kuma wanda ya ɗauki ko da kwanon kankare ɗaya.

To, tambayi gwanin namu ina Gadar Lugard take. Nan zai fara sosa ƙeya. Gadar ƙarfe ce ta masu tafiya a ƙasa, an kafa ta a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, tana nan a Gamji Gate. Ka ce masa Arewa House fa, gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello? Sai ya ce ai wannan wurin 'yan makaranta ne. Amma ya san shekarar da aka gama hasumiyar Eiffel ta Faransa, 1889, yana kuma da niyyar zuwa in Allah ya hore.

Irin ƙaunar da muke yi wa namu ma abin a jinjina ce. Da safe mu ɗauki hoto a kan gada, da rana mu cillo ledar ruwa ta tagar mota, da dare mu manna wa ginshiƙanta fastar ɗan takara, a kanta kuma tallan maganin basir. Mutumin da a Dubai yake cusa bawon alawa cikin aljihu don tsoron tara, shi ne nan yake neman lungun da zai tsuguna.

Ga shawara kyauta ga hukuma. A sa wa Gamji Gate biza. A buɗe ofishi a Mando, a ce kuɗin fam da dala ake biya, a yi wa mutum tambayoyi masu zafi, sannan a hana rabin masu nema ba tare da dalili ba. Ina mai tabbatar muku kafin Juma'a layi ya kai Kawo, har da masu neman alfarma.